Man Kifi a Cikin Dusar Akawal

Ku matso kusa, 'ya'yan Abijan. Wannan da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ko da yake da muryar tatsuniya za ta fito, don ita kaɗai na iya. Ban yi boko ba, ban yi lakwal ba, amma kunnena yana aiki. Na ji abin da kuke faɗa da Faransanci a bakin ƙofa, kuna tsammani ya wuce ni. Wai Kaka ba ta da sana'a, zama kawai take yi a bayan gar ta Ajame, wato tashar mota, tana auna ƙaiƙayi. Wai ko akuya aka ɗora a kan kujerar nan za ta iya. To, ku zauna.

Gwaggo Haule, yayar mahaifina, ita ta kawo ni garin nan daga ƙasar Gobir ina yarinya, ita kuma ta koya mini haɗa abincin dabbobi. Ranar farko ba ta ba ni kwanon awo ba. Ta buɗe buhu uku na dusa ta ce in sa hannu. Na sa. Ta ce in sansana. Na sansana. Ta ce in ɗora a harshe. Na ɗora. Sai ta ce, "Dije, wanne ne zai kashe doki?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To sai ranar da kika sani za ki taɓa kwano." Na daɗe ina shara da ɗaukar ruwa kafin hancina ya buɗe. Dusar da ta sha iskar teku takan yi wani sanyi-sanyi a tsakiyar buhu, ta ɗan manne a yatsa, ta yi ƙamshin ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Rago zai ci ya yi zawo ya warke. Kaza za ta ci ba ta ma sani ba. Doki kuwa ba ya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan, sai dai ya yi ta birgima yana duban cikinsa har ya mutu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Rariya biyu, mai manyan ido da mai ƙanana. Faifai. Turmi na dakan kanwa. Babban kasko na soya dusa idan damina ta matsa. Katakai da ake jerawa a ƙasa don kada buhu ya taɓa siminti. Sai kwanon awo, wanda bakinsa ya cinye saboda tsufa. Gero da harawa suna saukowa daga Arewa a saman motocin raguna, jar kanwa tana zuwa a hannun mutanen Nijar, dusar alkama kuwa a nan garin ake samu. Masu saye iri-iri ne. Akwai masu turke ragon layya, waɗanda ke son a yi musu ƙiba cikin gaggawa. Akwai masu kaji. Akwai kuma masu dawaki na hanyar Basam, su ne masu wuya, su ne kuma masu daɗewa. Mai rago idan layya ta wuce ba ka ƙara ganinsa. Mai doki, idan ya yarda da hannunka, har ɗansa zai zo.

Na tuna wata mota da ta zo da gero, buhunan sun yi kyau kamar amare. Direban ya rantse da iyayensa cewa ruwa bai taɓa su ba. Gwaggo ta zare doguwar tsinkiyar ƙarfe ta soka a ƙasan buhu na can ciki, ta zaro, ta kai hanci, ta ce a rufe mota. 'Yan dako suka yi ta yi mata dariya, wai tsohuwa na sansanar ƙarfe. Wata maƙwabciyarmu ta saye kayan. Ba zan faɗi abin da ya biyo baya ba, don matar ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Ana nan, ana nan, Gwaggo ta koma ga Mahaliccinta, rumfa ta dawo hannuna. Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da aka rufe hanyar Arewa. Ku ba ku san ta ba, wasunku ma ba a haife su ba. Gar ta yi shiru, inda da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ihun masu kiran fasinja. Gero bai zo ba, harawa ba ta zo ba. Dawaki suka fara cin katakon barga. Ni kuwa na ɗaura zane na bi masu matsar mai, na roƙi tunkuzar da ke saura idan an matse alayyadi da kwakwa. Na jiƙa, na tace, na gauraya da dusar alkama, na gwada kaɗan-kaɗan. Dawaki suka ci suka rayu. Ba ma rayuwa kaɗai ba, jikinsu ya ɗauki ƙyalli kamar an shafa musu mai, don kuwa man ne a ciki. Da hanya ta buɗe, babu mai dokin da ya yarda in cire ta. Mutum zai damƙi haɗin ya buɗe tafi. Idan bai ga maiƙo ba sai ya ce na rage hannu. Haka haɗin Hajiya Dije ya yi suna, haka kuma ya zauna shekara da shekaru.

To, yanzu ga dokin.

Alhaji Idi ɗan kasuwa ne a Tireshibil, mutumin ƙasar Adar, mai shigo da kaya daga waje. Yana da barga a hanyar Basam, kuma a cikinta akwai wani baƙin ingarma da ake kira Akawal. Kakan Alhaji ne ya fara riƙe wannan jinin dawakin a can gida, kuma a cikin mazan, Akawal kaɗai ya rage. Goɗiyoyin da suka dace da shi suna can Adar a hannun ƙanen Alhaji. Na nan biyu 'ya'yansa ne, ba a haɗa su. An taɓa sauko da goɗiya daga Arewa, ƙudan ƙasar nan ya kashe ta. Shi kuma Akawal ya tsufa, ƙafafunsa na baya sun fara sandarewa, ba zai iya tsayuwar kwana da kwanaki a cikin mota ba. Doki ba zai je ba, goɗiya ba za ta zo ba.

Sai Alhaji ya kira wata lokotoro, wato likitar dabbobi, Madam Akisi, 'yar ƙasar nan, mace mai natsuwa, tana jin Julanci kamar an haife ta a Ajame. Ta ce akwai hanya. A gafarce ni, zan faɗi kalmar sau ɗaya don ku gane: maniyyi. Daga nan zan ce iri. Ana tsayar da goɗiya, ingarma ya hau, sai a tare irin a cikin wata jaka mai ɗumi. A gauraya shi da wani ruwa, a ɗura a 'yan siraran tsinkaye kamar na shan lemo, a tsoma su a cikin tulun ƙarfe mai fitar da farin hayaƙi, mai sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. A haka zai iya zuwa Adar, zai iya jiran shekaru.

An yi. An daskarar, an narkar da tsinke ɗaya don a duba, sai aka tarar duk sun mutu. An sake, haka. Kafin sanyi suna iyo, bayan sanyi sun kwanta.

Wata safiya sai ga Madam Akisi a rumfata, ta ɗage siket tana tsallake kwatar gar. Ta gaishe ni, ta ce, "Mama, ke ce mai abincin Akawal?" Na ce ni ce. Ta ce in nuna mata abin da ke ciki. Na nuna, ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan tunkuza ta murza ta a yatsa. Na ce, "Madam, idan laifi ne ki faɗa, ba na jin tsoron gaskiya." Ta ce, "Ba laifi ba ne, Mama. Dokin yana da lafiya, abincinki ne ya kawo shi waɗannan shekarun. Amma ki zo wurina ki ga wani abu."

Na je. Ta buɗe firigo, akwatin sanyi, ta fito da ƙananan kofuna biyu da ta ajiye tun jiya. Ɗaya alayyadi ne, ya yi fari ya sandare. Ta danna da cokali, ya tsage. Ɗayan man kifi ne, ta karkata shi, ya gangaro kamar ba daga sanyi ya fito ba. Ta ce, "Kowace ƙwayar iri tana sanye da riga, rigar kuma da mai aka yi ta. Idan man rigar mai saurin sandarewa ne, sanyi na kama ta sai ta tsage, abin da ke ciki ya zube, ƙwayar ta mutu. Idan akwai mai laushi a ciki, takan jure." Ta ce irin doki ya fi na bijimi raki a gaban sanyi, kuma a cikin dawakin ma halitta ta bambanta, wani nasa yana jurewa, wani ba ya jurewa ko me aka yi. Ta ce ita a nata ɓangaren za ta ƙara gwaiduwar ƙwai a ruwan haɗi, don akwai wani mai a ciki da ke tallafar rigar daga waje. Amma wani sashe na rigar daga abinci ake ɗinka shi, tun a cikin jikin dokin.

Na ce, "Wato in cire tunkuza in sa man kifi."

Ta ce, "Haka. Amma ban yi miki alkawari ba. Wani dokin yana amsawa, wani ba ya amsawa. Kuma irin da ke jikinsa yau tsohon ɗinki ne. Sai an yi wata biyu da ɗoriya kafin sabon ya fito."

Na ce, "Ƙafafunsa za su kai?"

Ta ce, "Shi ne abin da ban sani ba. Ranar da ya kasa tashi a kan goɗiya, magana ta ƙare."

Ta ba ni bido, wato jarka, na man kifi irin na dabbobi, da wani magani da ake ɗigawa don kada man ya yi ɗoyi, ta ce in ajiye shi inda rana ba ta gani, in haɗa na kullum a kullum.

A bargar Alhaji akwai Hamani, tsohon Bazabarme, shi ke kula da Akawal tun yana duƙushi. Ku kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme babu kunya. Da ya hango ni da ƙwarya sai ya ce, "Ga baiwata ta kawo wa ubangijinta karin kumallo." Na ce, "Matsa can, bawan Gobir, na wanda ya fi ka daraja ne." Na zuba haɗin a kwami. Akawal ya kawo hanci, ya ja numfashi, ya ɗaga leɓensa na sama har haƙora suka fito, ya juya mana baya. Hamani ya yi dariya har ya riƙe turke. Ya ce, "Bagobira, doki kika ɗauka mage? Gobe sai ki kawo masa ɓera."

Na koma na sa zuma. Ya ƙi. Na sa tsamiya. Ya ƙi. Na ƙara kanwa, na sa maɗin rake, na rage man har sai da ya zama ɗigo. Ya ci gefe ya bar tsakiya. Hancin doki ba a yi masa wayo a cikin kwami.

Sai na tuna ɗura. A can gida, idan ana son doki ya yi jiki, ba a barinsa da kwami. Ana cura dusa da kanwa a dunƙule, a sa masa a baki da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Na ga mijin Gwaggo yana yi ina yarinya. Aikin maza ne, mace ba ta ma tsayawa kusa. Na tambayi Madam, ta ce a yi, amma dunƙulen ya zama ƙarami mai laushi, a bar shi ya tauna da kansa, kada a tura maƙogwaro. Na ce wa Hamani ya yi. Ya daina dariya. Ya ce, "Hajiya, wannan hannun tun yana ɗan wata shida yake ci a cikinsa. Ban taɓa ba shi abin ƙi ba. Ba zan fara da tsufansa ba." Na san ba wasa yake yi ba, don ya kira ni Hajiya.

Na ce to riƙe mini igiya.

Ku saurara, ku da kuke cewa akuya za ta iya. Dusa sai an soya ta a kasko har ta kusa yin ja, ƙamshinta ya tashi. A kwaɓa ta da ruwan tsamiya da maɗi. A cura, a huda tsakiya da babban yatsa, a ɗiga mai, a rufe bakin ramin. Hannun da ya taɓa bido ba ya taɓa bayan dunƙule. Hagu ke zuba mai, dama ke curawa, kuma tsakani a wanke da lemun tsami. Farce a yanke shi har nama. Ba a zuwa wa doki ta gaba. Ana tsayawa a gefen kafaɗarsa, a dafa wuyansa, a yi masa magana. A bakin doki akwai giɓi tsakanin haƙoran gaba da turame, inda linzami ke zama. Ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Wanda ya kuskure wurin ya bar yatsa.

Na farko ya tofar. Na biyu ya tofar, ya buge ni da kai na zauna a cikin kashinsa. Hamani ya ce, "Sarauniyar Gobir ta hau gado." Na tashi na karkaɗe zane. Na uku ya riƙe a baki, ya tsaya yana tunani, daɗin maɗi ya riga ɗoyin kifi isa, ya tauna, ya haɗiye. Na ce alhamdu lillahi, na cura na huɗu.

Daga ranar, kowace safiya ina soya dusa, in bar rumfa a hannun maƙwabciya, in hau baka, ƙaramar motar haya, daga Ajame, in canza mota a Tireshibil, in sauka a hanyar Basam da ƙwarya a ka. Mutanen cikin mota suna toshe hanci. Wani yaron mota ya ce mini, "Tsohuwa, ke da kifinki kujera biyu za ku biya." Na ce masa kifin ya riga ya mutu, ba ya zama. Ruwa ya sauka, na je. Gwiwata ta kumbura, na je. Masu raguna suka fara komawa wasu rumfuna saboda ba sa samuna da safe, na bar su suka tafi.

Ana nan, ana nan, lokaci ya cika. Aka tsayar da goɗiya. Akawal ya tashi da ƙyar, amma ya tashi. Madam ta daskarar, ta narkar, ta duba. Ta ɗago kai ta ce, "Kusan kamar da."

Na shiga barga na tsaya ina kallon dokin. Sai na ga abin da ya kamata in gani tun tuni: yana ƙyalli. Dokin da aka cire wa tunkuza wata biyu bai kamata ya yi wannan ƙyallin ba. Na sunkuya na ɗebi kashinsa na murza na sansana. Na zagaya bayan barga, na ɗaga wani tsohon tamfol. Ga buhun tunkuzar kwakwa, an ci rabi, ga galan na alayyadi. Kuma na gane dalilin da ya sa kwanakin baya yake tofar da rabin ɗurata: cikinsa a cike yake tun da dare.

Na kira Hamani. Bai yi musu ba. Ya ce, "Ni na saya." Na ce don me. Ya ce, "Abokan Alhaji sun zo ranar Lahadi. Ɗaya ya shafa bayansa ya dubi hannunsa ya ce, wa ke kula da dokin nan? A gabana, Hajiya. Gashinsa ya yi fari-fari kamar jakin masu itace. Duk hanyar Basam an san dokin Hamani da ido. Yanzu zai mutu a ce na bar shi ya lalace?"

Ku gane, mutumin nan ba mugu ba ne. Mu nan haka muke auna doki, ni ma na taya aka koya wa mutane hakan. Mai barga ba shi da gida, ba shi da mota, ƙyallin dokinsa shi ne rigarsa ta fita. Faɗa ba zai gyara ba.

Na ce, "Bazabarme, mu raba dokin nan."

Ya ce, "Ki ɗauki wutsiya."

Na ce, "Waje naka, ciki nawa. Alayyadin nan kada ka zubar. Ka ɗiga a tsumma ka goge shi safe da yamma, ka bi da buroshi har hannunka ya gaji. Zai yi ƙyallin da abokan Alhaji za su ga fuskarsu. Amma abin da zai wuce leɓensa, ni kaɗai."

Ya dubi ƙafafun dokin. Ya ce, "Idan kuma ƙafafun suka ƙi kafin nan? Na hana shi abin da yake so a banza ke nan."

Na ce, "Idan suka ƙi, sun ƙi. Amma idan suka kai, aka tarar mu muka ɓata, wa zai gaya wa Alhaji? Kai ko ni?"

Ya ɗauki buhun tunkuzar da kansa ya ɗora mini a ka. Ya ce, "Ɗauki, baiwa ba ta tafiya hannu sake."

Alhaji da ya ji za a sake jiran wata biyu, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Hajiya, ni na gaji. Abin da Allah bai nufa ba, a bar shi." Na ce, "Alhaji, ai ba mu gwada ba tukuna. Wancan karon rabi muka yi. Ka ba ni wannan, idan ya ƙi ba za ka ƙara ganina da ƙwarya ba." Madam ta ce ita ma tana so a sake. Ya kaɗa hannu ya shiga mota, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mu kuwa muka ɗauka e ce.

Wannan zangon ya fi na farko wuya. Damina ta kankama, mai yana saurin juyawa, sai na riƙa ajiye bidon a firigon wata mai sayar da bisab, wato zoɓo, a Roksi, in ɗebi na yini a ƙaramar kwalba. Akawal ya saba, har yakan miƙo baki idan ya ji takuna. Amma ƙafafun suna ta ƙara nauyi. Idan ya kwanta, sai an taru an taimaka masa ya tashi. Hamani ya koma gasa masa gwiwoyi da ruwan ɗumi, yana zagayawa da shi a hankali a kan yashi don kada su daskare. Wata safiya na tarar yana riƙe da igiya ya buɗe masa baki da kansa, ya ce, "Yi sauri, Bagobira, kafin in canza ra'ayi."

Ranar da za a ɗiba, Madam ta ce in kawo mata ƙwai na ranar, na samo wurin wata mai kaji da na yarda da abincin da take ba su, don ni ke haɗa mata. Aka haƙa ɗan rami aka tsayar da goɗiyar a ciki don ta yi ƙasa. Akawal ya zo, ya yi haniniya kamar saurayi, ya yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Ya sauko. Aka bar shi ya huta. Ya sake yunƙurawa, ya zame. Hamani ya tuɓe rigarsa, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin cinyar dokin, tsoho da tsoho, ya ce a sake. Da na uku ya hau.

Daga ranar bai ƙara tashi a kan goɗiya ba.

Washegari Madam ta aiko a kira ni. Ta zaro tsinke ɗaya daga tulu, hayaƙi na zuba, ta tsoma a ruwan ɗumi, ta ɗiga a kan gilashi, ta sa ido a na'urarta mai girmama ƙananan abubuwa. Ta daɗe. Sai ta matsa ta ce, "Mama, duba da kanki." Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da farko haske kawai na gani. Can sai na ga su, kamar 'ya'yan kwaɗi a kududdufi. Da yawa suna kwance. Amma a tsakaninsu akwai masu tafiya, suna kaɗa wutsiya, suna ratsa gawarwakin 'yan'uwansu suna wucewa.

Na ce, "Sun isa?"

Ta ce, "Ba su da yawa. Amma sun isa a gwada."

Na ce, "Man ne, ko ƙwan ne?"

Ta ce, "Mama, doki ɗaya ne, ba zan iya rantsuwa ba. Wataƙila duka biyun."

Tulun ta gar ɗinmu ya bi. Na tsaya a kan 'yan dako har sai da suka ɗaure shi a tsaye a bayan kujerar direba, na gaya musu idan ya kwanta sai na kwantar da su. Wani lokotoro a can ya karɓa. Akawal ya mutu kafin ƙarshen wannan shekarar, da rana, a kan yashi, kansa a cinyar Hamani. Daga Adar labari ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan: an gwada wa goɗiya ta farko, bai kama ba. Ta biyu, bai kama ba. Daga nan muka daina tambaya.

Ana nan, ana nan, wata ranar kasuwa ina tsakiyar awo sai ga Alhaji Idi da kansa a bakin rumfa, da babbar riga a cikin caɓin gar, Hamani na biye da shi. Bai yi sallama ba ma. Ya miƙo mini waya ya ce, "Hajiya, duba."

Jan yashi ne, da inuwar wata bishiya, da goɗiya a tsaye tana lasar wani abu baƙi a ƙasa. Abin ya miƙa ƙafafun gaba, dogaye kamar ba nasa ba, ya yunƙura ya faɗi. Ya sake. Ya tsaya yana rawa, ya laluba cikin uwar, ya kama nono. Muryar ƙanen Alhaji tana cewa namiji ne, namiji ne.

Na ce a mayar da shi farko. Aka mayar, na sake kallo har ƙarshe.

Sai na miƙa wa Alhaji wayarsa, na ce ya ɗan matsa, akwai mata mai jiran awo. Hamani kuwa ya durƙusa a kan buɗaɗɗen buhu ya rufe fuska da hula. Na ce, "Tashi daga nan, Bazabarme. Je ka yi a waje, kada ka jiƙa mini dusa."